Kwana Kyauta a Otal: Daga Ina Kuɗin Mai Bidiyon Tafiye-tafiye Ke Fitowa?

Bidiyon bai fi minti ɗaya da rabi ba. Saurayi ya tura ƙofar ɗaki, kyamara ta bi ta kan farin zanin gado, ta leƙa banɗaki, ta fita baranda ta hasko fitilun Abuja ko ruwan Legas, da safe kuma ga faranti shaƙe da abin karyawa. Duk matashin da ya kalla, abu ɗaya yake hangowa: ga mutum yana kwana inda manya ke kwana, bai biya ko sisi ba, kuma an ce har biyansa ake yi. Shi ya sa tambayar ba ta ƙarewa: "Don Allah ta ina ake shiga wannan harka?"

Sana'a ce ta gaske, akwai masu ci da iyalinsu da ita. Sai dai tana da wani ƙulli da ya kamata a kwance tun kafin mutum ya sayi kyamara. Mutum uku ne a cikin cinikin: mai kallo, mai otal, da kamfanin da ke da dandalin. Abin da ke ba mai bidiyo daraja shi ne yardar da mai kallo ya yi da maganarsa, amma mai kallo shi ne kaɗai a cikin ukun da ba ya ba shi ko kwabo. Kuɗin na fitowa ne daga sauran biyun, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake auna aikinsa. Duk wata matsala ta wannan sana'a, idan ka bi diddiginta, nan za ta dawo da kai.

A fara da kwanan kyautar, tunda shi ke ɗaukar ido. Ɗakin otal kamar tumatir yake a hannun ɗan gwari: wanda bai shiga ba a daren yau ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Idan otal mai ɗaki 80 ya kwana da 30 babu kowa, ba wa mai kyamara ɗaya daga ciki ba ya cin wa mai otal komai sai wankin zani, sabulu, ɗan dizal da karin kumallo. Shi ya sa irin wannan gayyata ta fi faɗowa a tsakiyar mako ko lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ba a ƙarshen Disamba a Legas ba, ba kuma ranar hawan sallah a Kano ba. A ɗaya ɓangaren, mai bidiyo ya biya kuɗin mota ko jirgi daga aljihunsa, ya yini biyu yana ɗauka, yana jiran hasken asuba da na la'asar, ya koma gida ya ƙara kwana biyu ko uku yana tacewa, ya ƙona data wajen ɗorawa. Abin da ya samu a madadin wannan duka shi ne barcin dare biyu. Barci kuwa ba ya biyan kuɗin haya, ba a kai shi kasuwa a yi cefane da shi.

Su ma masu otal ba dukansu ke ganin cinikin da daraja ba. A watan Janairun 2018 wata matashiya 'yar Ingila mai tashar YouTube ta rubuta wa otal ɗin Charleville Lodge da ke Dublin a ƙasar Ayalan, tana neman 'yan kwanaki kyauta ita da saurayinta, ita kuma ta tallata su. Mai otal ɗin, Paul Stenson, ya ɗora amsarsa a Facebook kowa ya gani, yana tambayar wa zai biya masu gyaran ɗaki, masu kai abinci da kuɗin wuta idan ya karɓi bidiyo a maimakon kuɗi. Rigimar ta zaga duniya, daga baya ya ce ya haramta wa duk masu irin wannan sana'a shiga otal ɗinsa. Ban yarda da yadda ya tozarta yarinyar ba, domin tayi ta yi, kuma tayi ba laifi ba ne a kasuwa. Amma tambayarsa tana nan daram, kuma ita ce tambayar da kowane manaja ke yi a zuci: mabiyan nan naka, mutum nawa ne a cikinsu za su zo su kama ɗaki? Mai mabiya dubu 200 da yawancinsu ɗalibai ne masu kallo don nishaɗi bai kai wa manaja mai mabiya dubu 10 da yawancinsu 'yan kasuwa ne masu zirga-zirga tsakanin Kano, Abuja da Legas ba.

To ina kuɗin hannu? Hanya ta farko da kowa ya sani ita ce talla a YouTube. Kafin mutum ya fara samun rabo daga talla, sai tasharsa ta tara mabiya 1,000, da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Idan ya cika sharaɗin, yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka saka a dogayen bidiyonsa, YouTube ta riƙe 45. A gajerun bidiyo kuwa rabon ya juya, shi ke ɗaukar 45. Ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Sannan tun 2021 Google ke cire harajin Amurka daga abin da aka samu ta hanyar masu kallo da ke Amurka, kuma da yake Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, abin da ake cirewa daga wannan ɓangaren kan kai kashi 30.

Duk wannan lissafin takarda ne. Abin da ya fi tasiri shi ne inda mai kallon yake zaune. Masu talla gwanjo suke yi a kan idon mai kallo, kuma idon wanda ke Landan ko Toronto ya fi na wanda ke Gusau ko Maraɗi tsada nesa ba kusa ba, saboda kamfanonin da ke neman aljihunsa sun fi yawa kuma sun fi kuɗi. Wannan ya shafi mai yin bidiyo da Hausa kai tsaye. A ɗauka, don misali kawai, kowane kallo 1,000 yana kawo masa dala ɗaya. Bidiyon da ya samu kallo dubu 50, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga tashar da ke tasowa, ya kawo dala 50 ke nan. Idan dala tana naira 1,500, naira dubu 75 ce. A cikinta za a cire mota, abinci, data, da ɗakin kansa idan shi ya biya. A manyan otal-otal na Abuja da Legas wannan kuɗi bai kama ɗakin dare ɗaya ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ke ceton wasu shi ne bidiyon otal yana da tsawon rai. Barkwanci kan mutu cikin mako guda, amma wanda ya yi cikakken bayani kan masauki a Yankari ko a kusa da Harami zai ci gaba da samun masu nema shekara biyu ko uku, domin duk mai shirin tafiya sai ya bincika. Wanda ya tara irin waɗannan bidiyo 100, kowanne yana ɗigo kaɗan-kaɗan, shi ne ke fara ganin wani abu a ƙarshen wata. Facebook ma ya buɗe wa masu bidiyo a Najeriya da Ghana ƙofar samun kuɗin talla a 2024, kuma a nan ne jama'armu suka fi yawa, amma ka'idar ba ta canza ba: farashin ido yana bin aljihun mai idon.

Hanya ta biyu tsohuwar sana'a ce da Bahaushe ya sani tun zamanin fatauci, wato la'ada. A zangon Kumasi ko na Ibadan, maigida kan sauki fatake, dillalinsa ya haɗa su da masu saye, a fitar masa da rabonsa. Haka shafukan kama ɗaki irin su Booking.com suke aiki. Otal yana biyansu la'ada a kan kowane baƙo, galibi wajen kashi 15 cikin ɗari, su kuma su yaga wani abu daga cikin la'adar su ba wanda ya turo baƙon ta adireshinsa na musamman. A sake ɗaukar misali: ɗakin naira dubu 100, la'adar shafin dubu 15, idan aka ba mai bidiyo rubu'inta ya tashi da naira 3,750. Ba kuma a biya sai baƙon ya je ya kwana. Idan ya fasa, an tashi a tutar babu. A Turai da Amurka, inda kusan kowa ke kama ɗaki da kati ta intanet, wannan hanya tana riƙe mutane da yawa. A nan kuwa gizo a wani wuri yake saƙa. Mutuminmu zai kalli bidiyon, ya gamsu, sannan ya nemi lambar otal ɗin ya kira, ko ya tura saƙon WhatsApp, ko ya isa ƙofa da jakarsa ya nemi ragi baki da baki. Akwai shafukan gida irin su Hotels.ng da Mark Essien ya kafa a 2013, amma ɗabi'ar kiran waya ba ta gushe ba. Dillali ya yi aikinsa, ciniki ya faɗa, babu wata shaida da za ta nuna shi ya kawo baƙon. Mafitar da masu wayo suka samo ita ce su yi yarjejeniya da otal ɗin kai tsaye: duk wanda ya ambaci wata kalma da aka ware musu, a yi masa ragi, su kuma a rubuta musu la'ada. Wannan ya dogara kacokan ga gaskiyar wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi.

Hanya ta uku ita ce ke ciyar da mafi yawan waɗanda suka daɗe a harkar, kuma ita ce masu kallo ba sa gani. Otal yana buƙatar hotuna da bidiyo na kansa don shafinsa, don Instagram, don allon talla. Mai iya ɗauka da tacewa yana sayar musu da wannan aiki kamar yadda mai hoton biki ke sayar da nasa, ko da ba zai ɗora komai a tasharsa ba. Wasu har kwantiragin wata-wata suke yi, su riƙe wa otal biyu ko uku shafukansu. A nan sabbin shiga ke yawan yin asara ba su sani ba: su ba da bidiyo a madadin kwana biyu, bayan shekara su ga ana ta talla da shi, har da fuskarsu, ba tare da an ƙara musu komai ba. Haƙƙin amfani da aiki kaya ne mai farashinsa. Sai a rubuta a takarda: a ina za a yi amfani da shi, na wata nawa, kuma za a saka kuɗi a yi talla da shi ko kuwa ɗorawa kawai za a yi. Bayan wannan akwai masu ɗaukar nauyi da ba otal ba, kamar kamfanonin jiragen sama, bankuna, masu sayar da layin waya na tafiya da hukumomin yawon buɗe ido. Akwai kuma shirya tafiyar ayari, inda mai bidiyo ke tara mabiyansa ya kai su Zanzibar ko Kigali ya ci ribar shiryawa. A ganina kuɗin da ya fito daga waɗannan ya fi tsabta, domin mai biyan ba shi ne ake aunawa ba.

Kashe kuɗi kuwa ba ya jira. Kyamara, makirfo, kwamfutar da za ta iya tace bidiyo, duk da dala ake sayensu. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ake biya da dala ya ji daɗin canjin, amma tikitin jirgi da ɗakin otal a waje sun tashi tare da ita, cire tallafin man fetur kuma ya ɗaga kuɗin mota a cikin gida. Ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke ɗauko hoton otal daga sama yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sai fasfo. Tayo Aina, ɗan Legas da ya taɓa tuƙin Uber kafin ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu bidiyon tafiye-tafiye a Afirka, ya fito fili ya ce wahalar biza da wulaƙancin filayen jirgi ne suka sa ya nemi zama ɗan ƙasar Saint Kitts da Nevis don ya samu fasfo na biyu. Idan wanda ya kai wannan matsayi ya ji a jikinsa, sai a auna mai tasowa. Babu fansho, babu hutun rashin lafiya, kuma a 2020 duk masu wannan sana'a sun ga yadda annobar korona ta rufe otal-otal da filayen jirgi cikin 'yan makonni, abincinsu ya tsaya cak.

Yanzu a dawo kan ƙullin. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin da aka tarba a ƙofa da lemo mai sanyi, manaja ya sauko da kansa ya gaishe shi, aka ba shi ɗakin da ya fi kowanne kyau a saman bene, da wane baki zai fito ya ce famfon banɗaki yana yoyo? Ko bai yi niyyar ƙarya ba, kunya kaɗai ta isa ta ɗaure masa harshe, ga kuma tsoron kada labari ya zaga cikin manajoji cewa wane ba ya rufa asiri, gayyata ta ƙafe. Abin da ya fi wannan muni shi ne, ko ya so faɗin gaskiya, bai ga otal ɗin da ni da kai za mu gani ba. An san da zuwansa. An gwada na'urar sanyaya ɗakinsa tun da rana, an canza labule, an ja wa ma'aikata kunne. Ya ga otal ɗin ranar da ya ci kwalliya.

Na taɓa kama ɗaki a wani otal saboda wani bidiyo da na gani, kuma duk abin da aka nuna gaskiya ne: gadon na nan, labulen na nan, wurin ninƙaya na nan. Abin da ba a faɗa ba shi ne ana kashe janareta da ƙarfe 12 na dare, a watan Afrilu, kuma ruwa ba ya hawa bene na biyu da asuba sai an kawo a bokiti. Mai bidiyon bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya dai nuna saman buhu. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ban san wani ma'auni da ya fi wannan dacewa da mai riƙe da kyamara a ɗakin otal ba, domin aikinsa gaba ɗaya zaɓe ne: me zai haska, me zai kauce wa.

Waɗanda suka daɗe da gina suna a kan auna masauki da abinci sun san wannan tarko tuntuni. Kamfanin tayoyi na Michelin a Faransa ya fara fitar da littafin jagorar matafiya a 1900, kuma abin da ya sa taurarin yabo da yake ba gidajen abinci ke da nauyi har yau shi ne masu bincikensa ba sa bayyana kansu, kuma su ke biyan kuɗin abin da suka ci. A 2024 ya fara ba wa otal-otal tambarin makulli a kan irin wannan tsari. Jaridar New York Times ba ta yarda masu rubuta mata labarin tafiye-tafiye su karɓi kwana ko tikiti kyauta ba. Amma waɗannan suna da kamfani a bayansu da ke ɗaukar nauyi. Matashin da ke Kaduna da wayarsa ba shi da wannan gata, kuma ba adalci ba ne a ce masa ko dai ya biya kowane ɗaki daga aljihunsa ko ya bar sana'ar.

Abin da za a iya nema daga gare shi shi ne ya faɗa. Ya buɗe bidiyon da cewa otal ɗin nan su suka gayyace ni, su suka ba ni ɗakin, ko kuma sun biya ni. Da baki, a farko, da harshen da mai kallo ke ji, ba da wani ɗan guntun rubutun Turanci da aka ɓoye a ƙasa ba. A Amurka hukumar kula da ciniki ta FTC ta daɗe da wajabta bayyana irin wannan alaƙa, ko da kyauta ce ba kuɗi ba, kuma a 2024 ta fitar da ka'idar da ta haramta sharhin bogi da sayen mabiyan bogi. Ingila ma tana da irin wannan doka. A Najeriya dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON ta shafi tallan da ake yi a kafafen sada zumunta, har hukumar ta ce sai an tantance talla kafin a fitar da shi. YouTube da Instagram duka suna da wurin da ake latsawa a nuna cewa an biya. Yawancin masu ɓoyewa tsoron raguwar masu kallo suke yi. Ni kuwa na fi sakin jiki da wanda ya ce mini an gayyace shi sannan ya ambaci aibi biyu, a kan wanda kowane otal ya shiga sai ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Sai dai faɗin aibi ma yana da nasa haɗari, kuma ba ƙarami ba. A 2020 wani Ba'amurke da ke aiki a Tailan ya yi saɓani da wani otal a tsibirin Koh Chang kan kuɗin da aka caje shi saboda ya shigo da abin shansa daga waje. Ya rubuta munanan sharhi a Tripadvisor, shafin da matafiya ke auna otal-otal, otal ɗin ya kai ƙara bisa dokar ɓata suna, aka kama shi ya kwana biyu a tsare, sai da ya nemi afuwa a rubuce aka janye. Daga baya Tripadvisor ta manna gargaɗi a shafin otal ɗin tana sanar da matafiya abin da ya faru. Ba sai an je Asiya ba. A watan Satumban 2023 'yan sanda sun kama wata mata a Legas bayan ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, aka tuhume ta ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. An yi wa sashe na 24 na dokar, wanda ya shafi saƙonnin da ake ɗorawa a intanet, gyara a 2024, amma duk mai auna kayan wani a bainar jama'a a ƙasar nan ya san cewa mai kuɗi yana iya sa a kwana da shi a caji ofis kafin a kai ga alƙali. Kariyar da ke hannun mai bidiyo ita ce ya riƙe rasit, ya ɗauki abin da ya gani da ranarsa da lokacinsa, ya faɗi abin da ya faru ba tare da zagi ko zargin niyya ba, ya kuma ba manaja dama ya yi bayani kafin ya ɗora. "An ɗauke wuta daga 12 zuwa 5 na asuba a daren da na kwana" magana ce da za a iya karewa. "Ɓarayi ne" kuwa ba za ta karu ba. Haka nan fuskokin sauran baƙi da lambobin motocinsu ba nasa ba ne da zai haska. Mutane da yawa suna zuwa otal ne don kada a gan su, kuma haƙƙinsu ne.

Idan matashi ya tambaye ni, abin da zan ce masa shi ne ya raba aljihu biyu. Aljihu ɗaya na aikin haya: ya ɗaukar wa otal hoto da bidiyo, a biya shi, su ɗora a shafinsu da sunansu. Ɗaya aljihun na tasharsa, inda yake auna masauki don mai kallo, kuma gwargwadon iko ya shiga a matsayin baƙo kamar kowa, ya biya, kada ya sanar. Kuɗin aljihun farko su riƙe na biyu har ya tsaya da ƙafarsa. Otal ɗin da yake yi wa aikin haya kuwa kada ya auna shi, ko kuma ya faɗi alaƙar a fili. Tafiyar za ta yi jinkiri, shekara biyu ko uku kafin a ga wani abin kirki ba abin mamaki ba ne, don haka kada ya saki aikin da ke hannunsa tun yanzu.

Kuma kada ya tafi neman gasa da masu nuna otal-otal ɗin Dubai da Maldibs, inda dubban mutane masu manyan kyamarori suka riga shi. Akwai tambayoyin da matafiyi Bahaushe ke yi waɗanda kusan babu mai amsa su da harshensa. Janareta yana kwana a kunne? Akwai ruwa da asuba? Akwai masallaci a ciki ko kusa, an nuna alƙibla a ɗaki? Ana kiɗa da shaye-shaye a ƙasa har tsakar dare, ko wuri ne da mutum zai kai iyalinsa hankali kwance? Mace mai tafiya ita kaɗai don taro ko jarrabawa za ta samu natsuwa? Akwai wurin ajiye mota mai tsaro? Wanda zai je Yankari yana son ya san halin da ɗakunan sansanin Wikki suke ciki a bana, da yadda zai tsare abincinsa daga birrai, fiye da yadda yake son a sake nuna masa ruwan ɗumin da kowa ya riga ya gani.

Inda buƙatar ta fi tsanani kuwa shi ne Makka da Madina. Duk shekara dubban mutanenmu suna biyan miliyoyin naira don Umara, kuma abin da ke raba farashi da farashi shi ne nisan masauki da Harami. Kamfanin tafiya zai ce maka mita 500 ne, amma ba zai ce maka daga ina aka fara awon ba, ko hanyar tana da hawa kamar wasu sassan Ajyad, ko lifta biyu ce kacal ga bene 20 ta yadda wanda ya fito bayan kiran sallah sai dai ya yi sahu a titi. Ba zai ce maka motar da ke jigila daga Aziziyya ko Kudai tana tsayawa aiki a wasu lokuta ba. Mai bidiyon da zai tsaya a ƙofar otal a Misfala ko titin Ibrahim Khalil, ya kunna agogo, ya taka da irin tafiyar dattijuwa mai ciwon gwiwa har zuwa ƙofar masallaci ba tare da ya yanke ɗaukar ba, sannan ya faɗi minti nawa ya ɗauka da kuma wanda ya biya masa ɗakin, ya ba ɗan da ke shirin tura mahaifiyarsa Umarar azumi abin da zai yanke shawara da shi kafin ya tura wa kamfani kuɗi.